Gatan Laraba da Gatan Alhamis

Akwai Asabar da Lahadin da suka zauna mini a rai, kuma na riga na haƙura, na san ba za su fita ba har in bar duniya. Shekaru sun wuce, na manta abubuwa da yawa da suka fi su girma, amma waɗannan kwana biyun ko launin tabarmar da muka zauna a kai ban manta ba.

Mu huɗu ne a labarin. Ni da aminiyata, wadda tun aji ɗaya na sakandare muke zama benci ɗaya a Maƙarfi. Sai 'yar kawuna da ke Kudan, taubashiyata, wadda ba ta da sana'ar da ta wuce tsokanata. Ta huɗun kuwa zan zo kanta, don ita ce ta hana ni barci.

Bayan mun gama makaranta zaman gida ya ishe mu, ludo kuma ya gundure mu. Sai aminiyata, da ma kanta akwai ƙirƙira, ta samo kwalin firij a shagon yayanta ta shimfiɗa, ta zana ƙasarmu a kai: tituna, rafuka, gonakin rake, garuruwa tun daga Kudan har Ikara. Ta sa wa wasan suna Cin Gari. Kowacce da garinta, marafan kwalba su ne mutanenta. A jefa dais ɗin ludo a yi tafiya, a ja kati a ga abin da ya sauka: ko ruwa ya cinye gada, ko shanu sun shiga gona, ko motar rake ta kafe a laka. Bambancinsa da ludo shi ne ba a share fage. Zama ɗaya shekara ɗaya ce a wasan, kuma abin da kika ci ko kika rasa yau, da shi za ki tashi a zama na gaba. Shekara goma sha biyu ta tsara, kowacce da ambulan ɗinta a manne, ba a buɗewa sai ranar. Zama ɗaya kuma yini guda yake ci, daga hantsi har bayan la'asar.

Da sunan gari muke kiran juna. Ni ce Mai Gubuci, aminiyata Mai Ɗandamisa, taubashiyata kuwa Taba ta faɗo mata, ta zama Mai Taba, har iyayenmu suka ɗauka suna tambayarta ko ta kawo ta shaƙa ko ta tauna. Ikara babu mai ita. Shekara biyar ta wasa ina matsa marafaina wajenta a hankali, saura ƙiris in kafa tuta.

A lokacin ne aminiyata ta je rubuta jarrabawar shiga makarantar jinya, ta dawo da sabuwar ƙawa. 'Yar Ikara ce, tela, mai sanyin magana. Ranar da ta fara zuwa, aminiyata ta kwashi marafai goma ta zuba mata a kan Ikara.

Na ce, "Wannan fa? Garin da na yi wata uku ina bi?"

Ta ce, "Haba Mai Gubuci, garinsu ne fa. Ya za ki ci mutum da garinsu yana zaune?"

Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba. Da a ce yarinyar tana da hali mara kyau da na huta, sai in zage ta mu rabu. Amma ba ta da shi. Ta iya gaisuwa, ta iya wasa, ta ɗinka wa marafanmu jaka. A shekara ta tara ita da aminiyata suka haɗa kai suka gina gada tsakanin garuruwansu, abin da ni da aminiyata muke yi tun farko. Ina zaune ina kallo suna raɗa suna ƙyalƙyala dariya.

Mun gama shekara ta goma ke nan sai ga takarda, makarantar jinya ta ɗauki aminiyata. Nesa ce, ba zuwa gida sai hutu. Ranar Talata babanta ya yanke cewa Litinin mai zuwa za a kai ta. Ambulan biyu suka rage, ga Asabar ga Lahadi. Ta aiko ƙanwarta ta kira ni, don wayarta ta faɗa bokitin wanki tana wajen mai gyara.

Na same ta a ɗaki da biro da takarda. Ta ce a gidansu za a yi, kowa ta zo da shirin kwana, Ummanta ta riga ta yarda. Asabar shekara ta sha ɗaya, Lahadi ta sha biyu, a rufe wasa a san wadda ta ci ƙasa. Na ji daɗi. Irin wannan shiri ni ake ba wa, don ba na son jan ƙafa. Muka tsara abinci: masa da miyar taushe ranar farko, dambu rana ta biyu, zoɓo, mazarƙwaila, Mai Taba ta zo da rake daga Kudan. Muka zaɓi gindin mangwaron tsakar gida, inda inuwa ba ta tashi sai la'asar.

Sai ta fara.

"Ki ce a rage yaji a miyar, Mai Ikara ba ta ci."

Na rubuta.

"In kin shiga kasuwa gobe ki duba dabino mai laushi, tana so."

Na rubuta, biro na neman huda takarda.

"Kwana kuma, ita sai mu hau gado tare, ke da Mai Taba ku shimfiɗa katifa. Ai ke 'yar gida ce."

Na ɗago na dube ta. Shekara bakwai duk ranar da na kwana a gidan nan a gadon nan nake kwana, ni ce ta bango. Na ce, "To, sannu uwar masauki. Ko man shafawarta ma in sayo?"

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Ta ce, "Ke dai ba kya canzawa. Yauwa, ki tura mata saƙo ta san rana. Rabona da ita tun kafin wayata ta lalace, ba ta ma san Litinin zan tafi ba."

Washegari Laraba, ranar kasuwar Maƙarfi. Na shiga da jakata na sayi shinkafar masa, na sayi zoɓo da citta, na tsaya gaban mai dabino ina latsawa ina neman mai laushi kamar wata baiwa. A nan tsaye, cikin hayaniya, na ciro waya na danna na yi magana: "Mai Ikara, Mai Ɗandamisa ta ce gata za a fara, kwana biyu za a yi. Ki fito da sassafe, ki zo da kayan kwana." Ban ambaci tafiyar Litinin ba, ban ga dalilin da zai sa in ba ta labarin aminiyata ba.

Na duba, saƙon bai tafi ba. Data a kashe take, da ma haka nake barinta don kada ta ƙare. Na kai yatsa zan kunna, sai na tsaya.

Gaskiya zan faɗa, ba shiryawa na yi daga gida ba, a wajen ya zo mini. Na lanƙwasa yatsu: gobe Alhamis, jibi Juma'a, gata Asabar. Daidai. Amma in saƙon nan ya kwana, gobe ya isa gare ta, gatanta Lahadi ce. Ban yi ƙarya ba, ban canza kalma ko ɗaya ba. In an tambaye ni, ga wayata, Laraba na yi magana, laifin sabis ne. Na ga Asabar ɗin a idona: mu uku kamar da, marafan Ikara a zube babu mai motsa su, ni da aminiyata kafaɗa da kafaɗa, da dare kuma ni ce ta bango.

Na mayar da wayar jaka. Yini da kwana ban kunna data ba, ni da ba na iya awa ɗaya ban leƙa ba. Alhamis da hantsi na kunna, saƙo ya tafi. Ba a jima ba ta amsa da muryarta mai sanyi: "To Mai Gubuci, na gode, Allah ya kai mu. Sannu da ɗawainiya."

Ranar Asabar tun da safe na isa gidan. Na share gindin mangwaro, na shimfiɗa shuɗiyar tabarma, muka fito da kwalin muka danne kusurwoyinsa da duwatsu. Mai Taba ta sauko daga mashin da ɗaurin rake a kafaɗa tana cewa, "Ina baiwata ta Gubuci? Zo karɓi kayan uwar ɗakinki." Umma tana ta suyar masa. Aminiyata ta jera marafan kowa yadda muka bar su, ta ajiye ambulan na sha ɗaya a tsakiya, ta zauna tana kallon ƙofa.

Hantsi ya yi, ya wuce. Duk mashin ɗin da ya tsaya a waje sai ta miƙe. Daga ƙarshe ta ce in kira Mai Ikara, in sa a bayyane kowa ya ji. Ana ɗauka muka ji ƙarar keken ɗinki.

Aminiyata ta ce, "Tawan, kina ina? Masa ta huce."

Tawan. A gabana.

Keken ya tsaya. Ta ce, "Yau? Ba gobe ba? Ai gata aka ce mini shekaranjiya." Ta ce ɗinkin biki ne a hannunta, kala shida, ta matso da shi yau da gangan don ta samu Lahadi da Litinin, masu shi kuma da yamma za su zo karɓa.

Aminiyata ta ce, "Litinin? Litinin da asuba zan tafi."

Duk suka juyo suka dube ni. Na buɗe wayata na nuna: "Ga shi nan, Laraba na yi. Sabis ne ya riƙe shi. Ni kuma ya zan yi da sabis?"

Mai Taba ta ce, "Ke ma dai, bakinki zai yi ciwo ne in kin ce Asabar? Sai wani gata, kamar kakarmu."

Na ce, "To ai abin ya riga ya faru. Lokaci na tafiya, mu buɗe mu fara, gobe ta tarar da mu."

Aminiyata ta sa hannu ta rufe ambulan ɗin. Ta ce, "Ba a buɗewa sai kowa na zaune."

"Yau dai ai lalura ce."

"Wa ya kafa dokar?"

Ni na kafa ta. A shekara ta biyu na makara, suka fara babu ni, na tayar da rigimar da sai da Umma ta fito, na sa aka rubuta dokar a bayan kwalin da jan biro. Mai Taba ta kwashe da dariya har da buga cinya, ta ce, "Mai doka, doka ta ci ki."

Haka na samu Asabar ɗin da nake nema. Aminiyata ta shiga ɗaki ta jawo akwati ta fara ninke kaya. Na bi ta na zauna a bakin gado, babu kowa sai ni da ita, yini guda cur. Na kawo hirar makaranta, ta ce uhm. Na kawo labarin malamin lissafinmu, wanda kullum yake sa ta dariya, ta yi murmushi rabi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Na sha biyun nan wata biyu na yi ina rubuta shi. Akwai abin da na sa wa kowaccenku a ciki." Ta ci gaba da ninki. Na kwana a gadon, ta bango, ban ji daɗin komai ba.

Lahadi rana ba ta gama fitowa ba Mai Ikara ta yi sallama, da jakar kayan kwanan da ba za ta yi amfani da su ba. Ta durƙusa ta gaida Umma, ta tambayi gajiya, ta tambayi mai gida, ta tambayi shirin tafiya, sannan ta juyo gare mu ta ce, "Ku yafe ni, laifina ne. Da na tambayi sunan ranar da duk haka bai faru ba."

Muka buɗe na sha ɗaya. Fari ne ya sauka a ƙasa, kowacce tana neman hanyar rafi. Wasan ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba, har aminiyata ta warware tana ihu. Da aka kira azahar muka tashi. Na ɗauki buta na zaga bayan ɗaki, sai ga Mai Ikara ta tsuguna kusa da ni da tata butar.

Tana wanke hannu ta ce, a hankali, "Mai Gubuci, kasuwarku ta koma ci ranar Alhamis ne?"

Na ce, "Kamar ya?"

"Jiya bayan kun kira na sake sauraron saƙonki. Ana ta cinikin dabino a bayanki. To na yarda Laraba kika yi shi. Amma ke da kike amsa saƙo kafin mutum ya sauke hannu, a ce saƙonki ya kwana bai tafi ba, ba ki lura ba? Da ya tafi kuma, ba ki gyara ba?"

Na ce, "To je ki faɗa mana."

Ta ce, "Ba zan faɗa ba. Ba don ke ba. Gobe za ta tafi, ba na son ta tafi da wannan a ranta." Ta ƙarasa alwalarta ta tashi.

Bayan salla ta zauna ta cinye mini ƙauyuka biyu, ta tare mini hanyar rafi, ko ɗago kai ba ta yi ba. Mai Taba tana shan rake tana cewa, "Wayyo Gubuci, yau wa kika taɓo?" Ni kuwa ba ƙauyukan ne suka dame ni ba. Abin da ke cina shi ne, yarinyar da ta zo jiya-jiya ta fi ni tunanin zuciyar aminiyata. Ko a nan ma ta riga ni.

Mun rufe shekarar bayan la'asar. Babu zancen buɗe na sha biyu, ga baƙi 'yan sallama sun fara cika gidan, Mai Ikara kuma dole ta kama hanya kafin magariba. Aminiyata ta ɗauki hoton kwalin da wayar Mai Taba, ta zuba marafai a jaka, ta naɗe kwalin ta ɗaure da igiya, ta soke ambulan ɗin ƙarshe a jiki. Sannan ta miƙo mini.

Ta ce, "Wajenki zai zauna har in dawo hutu. Ke kika sha wahalar shirin nan, kuma ke ce ta farko da ta fara yarda da shirmen nan nawa."

Abin da nake so in ji ke nan tun watanni. Na miƙa hannu, sai idona ya faɗa kan Mai Ikara, ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar jakarta. Na gane in na karɓa, da shirunta na karɓa, kuma duk ranar da na ga kwalin nan a ɗakina zan san alfarmarta ce. Kada wani ya ce tsoron Allah ne ya kama ni a lokacin. Ban kai nan ba tukuna. Ba zan iya cin alfarmarta ba ne kawai.

Na janye hannuna na ce, "Ba sabis ba ne. Ni na riƙe saƙon. Da gangan."

Mai Taba ta cire rake daga baki.

Aminiyata ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Saboda me?"

Na ce, "Saboda yaji, da dabino, da gado, da tawan." Ko ni da na faɗa na ji yadda abin ya yi ƙanƙanta a baki.

Ta ce, "Jiya yini guda kina zaune kina kallona ina haɗa kaya." Ba ta ɗaga murya ba. "Da kin ce mini abin yana miki ciwo, da a ƙasa zan kwana in bar miki gadon. Ke da ba kya raga wa kowa, wannan ne ya gagare ki faɗa?"

Ta juya ta ɗora kwalin a cinyar Mai Ikara. Ita kuma ta ce a'a, a ba Mai Taba. Aminiyata ta ce, "Riƙe." Na tsaya a ƙofar gida ina kallo aka ɗaure shi a bayan mashin, ya fi mashin ɗin faɗi, suka bi hanyar Ikara a hankali saboda iska.

Da asuba aka tafi da aminiyata. Na je rakiya, ta amsa gaisuwata kamar ta kowa. Sai da ta yi wata biyu a makaranta sannan ta kira ni, muka yi kuka muka shirya, har yau kuma muna tare. Mai Ikara ma na je har shagonta na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, ta auna ni ta ɗinka mini riga. Amma hutun farko Mai Taba tana jinyar kawu a asibiti. Hutu na biyu Mai Ikara na fama da ɗinkin salla. Daga nan aiki ya ɗauke wannan, aure ya kai waccan wani gari. Mun haɗu bibbiyu, mun haɗu mu uku, amma mu huɗu da yini guda a hannu, bai sake samuwa ba. Na taɓa cewa a buɗe kawai a karanta mana ta waya. Aminiyata ta ce a'a, sai kowa na zaune. Har yau ban san abin da ta rubuta mini a ciki ba.

Abin da na koya bai da tsawo. Kishi ya sa na ɗauka ranar wata nake sacewa, alhali ranar ta mu huɗu ce, kuma ita ce ta ƙarshe da muke da ita. Yanzu in na ji ana ture ni a zuciyar wanda nake ƙauna, zuwa nake in faɗa masa a fuska, ko da zan ji kunya, ko da za a yi mini dariya. Kunyar minti biyar ce. Waccan kuwa da na zaɓa, ga ni har yau ina ba da labarinta.